Mai sassarfa ko mai takun raƙumi: wanne za ka zaɓa a tseren keken doki?

Tseren keken doki ba sukuwa ba ne. Doki na jan wani ɗan keke mara nauyi mai taya biyu, matuƙi na zaune a kai ya miƙe ƙafafu, kuma doka ta hana dokin sukuwa tun daga tashi har layin ƙarshe. Taku biyu kacal aka yarda da su. Na farko sassarfa, inda ƙafar gaba ta dama ke tafiya tare da ta baya ta hagu, sannan sauran biyun su karɓa. Na biyu irin takun raƙumi ne: ƙafafun gefe ɗaya, gaba da baya, su tashi tare su sauka tare, doki na rangaji dama da hagu. Kusan ba a haɗa su a tsere ɗaya. Kowanne da gasanninsa, da zuriyarsa, da kundin tarihinsa. Saboda haka duk wanda zai shigo harkar, ko kallo zai bi, ko kaso zai saya a doki, ko goɗiya zai ajiye don haihuwa, sai ya fara tsayar da wanne daga cikin biyun yake nufi.

Yawancin sababbin shiga agogo suke fara dubawa, shi kuwa agogo amsarsa a shirye take: mai takun raƙumi ya fi sauri. Ranar 16 ga Yuli 2022, a filin Meadowlands na jihar New Jersey, Bulldog Hanover ya cinye mil guda, wato mita 1,609, cikin minti 1 da sakan 45 da huɗu bisa biyar, Dexter Dunn na riƙe da linzami. A ɓangaren sassarfa, Homicide Hunter ya yi 1:48 da 4/5 a filin Red Mile na garin Lexington cikin Oktoban 2018. Tazarar sakan uku ce cif, kimanin mita 45 a irin wannan gudu. Ɗaya na yin kusan kilomita 55 a awa, ɗayan 53 da ɗoriya. Sai dai sakan ukun nan ba su isa su yanke maka shawara ba.

Yadda tazarar ta riƙa buɗewa tana rufewa

Masu sassarfa da masu takun raƙumi tushensu ɗaya ne. A 1788 aka sauke wani kilin ingarma ɗan Ingila mai suna Messenger a Philadelphia. Tattaɓa-kunnensa, Hambletonian 10, an haife shi a 1849 a gundumar Orange ta jihar New York, kuma William Rysdyk ya saye shi haɗe da uwarsa a kan dala 125. Ya bar 'ya'ya sama da 1,300, har ya zama kusan duk dokin tseren keke na Amurka a yau, ko wane taku yake yi, gare shi yake komawa. A 1879 masu kiwo suka kafa ma'auni cewa sai doki ya iya mil cikin minti 2 da sakan 30 kafin a rubuta shi a rajista, daga nan nau'in ya samo sunansa na Standardbred.

A ƙarni na 19 sassarfa ce ta manya. Attajiran New York da Boston masu sassarfa suke ɗaurawa a kekunansu, mai takun raƙumi kuwa ana ganinsa dokin talaka. Don haka matakan farko duk na masu sassarfa ne, kuma galibinsu goɗiyoyi. Lady Suffolk ta sauka ƙasa da 2:30 a 1845 tana jan keke. Flora Temple ta yi 2:19 da 3/4 a Kalamazoo a 1859. Goldsmith Maid ta yi 2:14 a 1874 tana da shekara 17, shekarun da a yau doka ba za ta bari doki ya shiga tsere ba. Maud S. ta kai 2:08 da 3/4 a 1885, tana jan keke mai dogayen ƙafafun katako.

Sai 1892 ta zo da keke mai ƙananan tayoyin iska irin na basukur. A 1891 tarihin sassarfa na kan 2:08 da 1/4. Kafin kakar 1892 ta ƙare, Nancy Hanks ta mai da shi 2:04 a Terre Haute. Sama da sakan huɗu a shekara guda, alhali dawakin su ne dai na bara. Taya ce ta canja. Duk wanda zai kwatanta lokutan zamani biyu ya riƙe wannan, domin abin ya maimaitu sau da dama: motar tashi mai fukafukai, wadda dawaki ke jeruwa a bayanta a farkon tsere, da Steve Phillips ya shigo da ita filin Roosevelt a 1946, sabon fasalin keke na shekarun 1970, cire shingen ciki a maye gurbinsa da 'yan turakun roba, da ɗaga bayan kwana don doki ya jingina. Kowanne ya rage wani abu daga agogo ba tare da jinin doki ya sauya ba.

Mil ɗin minti biyu, wanda aka daɗe ana mafarkinsa, mai takun raƙumi ne ya fara kai masa: Star Pointer, 1:59 da 1/4, a Readville ta jihar Massachusetts, 1897. Mai sassarfa ba ta iso ba sai 1903, lokacin da Lou Dillon ta yi 2:00 a wannan filin dai. Sannan Dan Patch ya yi 1:55 da 1/4 a Lexington a 1905.

Kakar 1938 ce ta fi ban mamaki. Cikin mako guda a Lexington, Billy Direct ya yi 1:55 da takun raƙumi, Greyhound kuma, wani dandaƙaƙƙen kili, ya yi 1:55 da 1/4 da sassarfa. Rubu'in sakan ne kawai tsakaninsu. Daga nan hanya ta rabu. Tarihin Greyhound ya shekara 31 ba wanda ya taɓa shi, sai Nevele Pride da 1:54 da 4/5 a 1969. Masu takun raƙumi kuwa suka yi ta zabge lokaci: Adios Butler a 1960, Bret Hanover 1:53 da 3/5 a 1966, Steady Star 1:52 a 1971, sai Niatross da ya yi 1:49 da 1/5 ranar 1 ga Oktoba 1980, doki na farko da ya sauka ƙasa da 1:50. A ranar nan tazarar ta haura sakan biyar da rabi.

Tun daga lokacin masu sassarfa ke rage tazarar. Mack Lobell ya yi 1:52 da 1/5 a 1987, Pine Chip 1:51 a 1994, Enough Talk ya fasa shingen 1:50 a 2008, Sebastian K ya yi 1:49 a 2014. Idan ka lissafa daga 1980 zuwa lokutan da aka ambata a farko, sassarfa ta rage sakan shida, takun raƙumi uku da 2/5. Abin ya fi fitowa fili idan ka ɗauko daga 1993, shekarar da Cambest ya yi 1:46 da 1/5 a Springfield: cikin shekara 29 da suka biyo baya, biyu bisa biyar na sakan kawai aka iya ragewa. Mai kiwo ya karanta wannan da kyau. A zuriyar masu takun raƙumi dawaki masu tsananin gudu sun yi yawa, har ya zama saurin kaɗai ba ya fitar da doki daga cikin taro. A zuriyar masu sassarfa kuwa har yanzu ana samun ingarman da 'ya'yansa ke ɗaga ma'aunin baki ɗaya, kamar yadda aka gani da Muscle Hill a Amurka da Ready Cash a Faransa.

Lambar da ke gaban sunan doki

Kafin ka amince da kowace lamba, ka binciki a wane hali aka yi ta. Nan ne ake yawan cutar baƙo.

Akwai lokacin da aka yi a tsere, akwai wanda aka yi a gwajin agogo. A gwaji doki shi kaɗai ne a hanya, manne da layin ciki, an zaɓi rana mai ɗumi mara iska, ga dawakin zuga na sukuwa a gefensa don su hana shi sanyi. Niatross, Cambest da Pine Chip duk a gwaji suka kafa nasu. Shi ya sa masana suka fi girmama 1:46 da Always B Miki ya yi cikin tsere a Lexington a 2016 fiye da yadda bambancin ɗaya bisa biyar zai nuna. A zamanin Dan Patch har doki ake sa wa a gaba ɗauke da labulen tamfol yana tsaga masa iska. An haramta wannan, kuma shi ne dalilin da ya sa 1:55 da ya yi a bajekolin jihar Minnesota a 1906 bai shiga kundin hukuma ba, duk da mai shi, Marion Savage, ya ci gaba da tallar lambar a jikin buhunan abincin dabbobinsa.

Girman fili ma na da nasa hukunci. Filin mil guda kwana biyu ne, na biyar bisa takwas kwana uku, na rabin mil kwana huɗu domin sau biyu ake zagaya shi. Lissafin mai sauƙi ne: duk mita ɗaya da doki ya nisanta daga layin ciki, yana ƙara wa kansa mita 6.28 a kowane zagaye. Wanda aka bari a layi na biyu, faɗin keke guda a waje, wato kamar mita ɗaya da rabi, ya ƙara mita 9 da 'yan kai a babban fili, amma kusan 19 a ƙarami, sama da sakan guda ke nan. Don haka 1:52 a filin Yonkers ko na Delaware ta jihar Ohio ya fi 1:51 a Red Mile daraja. Abin da ya sa 1:49 na Sebastian K ya girgiza mutane shi ne a Pocono Downs ya yi shi, fili mai kwana uku. Ƙaramin fili kuma ya fi takura wa mai sassarfa, domin a matsattsiyar kwana ƙafafunsa suka fi bugun juna.

Sai yanayin rubutu. A Amurka da Kanada lambar bayan ɗigo kashi biyar ne na sakan, ba kashi goma ba: 1:45.4 na nufin 45 da huɗu bisa biyar, wato 45.8. A Ostireliya da New Zealand kashi goma ake nufi. Mutum ya ga 1:46.9 na My Field Marshal a filin Menangle a 2018, ya ga 1:46.4 na Somebeachsomewhere a 2008, sai ya ɗauka rabin sakan ne tsakaninsu, alhali ɗaya bisa goma ne. A takardun Amurka harafin p kafin lamba na nuna mai takun raƙumi ne, T gwajin agogo, h filin rabin mil, f na biyar bisa takwas.

Turai ba ta auna mil ma sam, matsakaicin lokacin kilomita guda take rubutawa. Don ka mai da na Amurka na Turai, ka raba sakan ɗin da 1.609. Lokacin Homicide Hunter ya zama 1:07.6 a kilomita. Face Time Bourbon ya ci Prix d'Amérique ta 2021, babbar gasar sassarfa ta Faransa, da 1:10.8, wanda a ido ya yi kama da jinkiri. Amma mita 2,700 ya yi, a babban filin Vincennes na birnin Paris mai gangara da hawa, kuma ba bayan mota aka tashi ba, juyowa dawakin suke yi daga gefe su miƙe hanya. Haɗa waɗannan lambobi biyu a ma'auni ɗaya ɓata lokaci ne.

Inda abin ke lalacewa

Babban bambancin da mai doki zai ji a aljihunsa shi ne fasa taku, wato doki ya ɓalle da sukuwa a tsakiyar tsere. A Amurka matuƙi zai fitar da shi waje idan da hanya, ya ja shi baya har ya dawo kan takunsa, kuma kafin nan an tafi an bar shi. A Faransa hukuncin ya fi tsanani, alƙalai na biye da su a mota, kuma 'yan tsalle kaɗan sun isa a kore shi daga tseren.

Mai takun raƙumi na da kariya. Mafi yawansu na sanye da tarnaƙi: zoben roba huɗu da ke rataye da maɗauri daga baya da wuya, kowane biyu sun haɗa ƙafar gaba da ta baya ta gefe ɗaya a saman gwiwa. Tsawonsa galibi tsakanin inci 55 ne zuwa 60, kuma rami ɗaya na maɗaurin na iya sauya sakamako. In ya yi tsawo, doki ya nemi abin jingina ya rasa, sai ya rikice, musamman in ya gaji a ƙarshe. In ya yi gajarta, ya daƙile masa taku, ya goge masa fata, ya gajiyar da shi da wuri. Shi ya sa ake rubuta tsawon tarnaƙin kowane doki, kuma wanda ya sayi sabon doki abin da zai fara tambaya ke nan. Akwai 'yan ƙalilan da ke gudu ba tarnaƙi, Dan Patch na cikinsu. Illar tarnaƙi ita ce ranar da dokin ya fasa taku a cikinsa, ƙafafunsa a ɗaure suke, dawowa na da wuya, faɗuwa kuma na da sauƙi, ga na baya sun taho a jere. Sauran matsalarsa ita ce kofaton baya ya tsallaka ya sari dugadugin ƙafar gaba ta ɗaya gefen, ko kofaton gaba ya bugi gwiwar 'yar'uwarta. Ana maganinsu da gyaran takalmin ƙarfe na baya da kuma safar kariya a gwiwa da dugadugi.

Mai sassarfa ba shi da wannan gata. Akwai wani ɗan tarnaƙi na ƙafafun gaba kaɗai da ake sa wa wasu a Amurka, yana taimakawa wajen daidaita bugun taku, amma bai hana sukuwa. Daidaiton mai sassarfa a kofatonsa yake: tsawon gaban kofato, kusurwarsa, da nauyin takalmi. Wani sai an ɗaura masa ɗan ƙarfe mai giram 60 zuwa 110 a gaban kofato kafin ya miƙe hannu sosai. In nauyin ya yi yawa ya gaji a rubu'in ƙarshe, in ya gaza ya koma taku mai gauraye. Da yake ƙafar gaba na tashi ne daidai lokacin da ta baya ta wannan gefen ke isowa, kuskure kaɗan ya sa kofaton gaba ya sari ƙwaurin baya, zafi ɗaya kuwa ya isa ya ɓallar da shi. Ƙasa ta yi tauri, ko ta yi laushi, ko an yi ruwa, duk sai a sake lissafi. Masu horo na Turai sun ƙware a cire takalmin gaba ɗaya ranar babbar gasa, doki ya gudu da kofato tsirara, domin ya fi sauƙin ɗaga ƙafa kuma saran ya ragu. Åke Svanstedt ya shahara da wannan dabara bayan ya koma Amurka daga Suwidin. Ba a yin ta kowane mako, kofato na cinyewa, kuma a Faransa dole a sanar tun kafin tsere.

Ma'anar duk wannan ita ce mai sassarfa ya fi buƙatar lokaci, da gwanin mai sa takalmi, da mai horo mai haƙuri. Duƙushin takun raƙumi mai matsakaiciyar baiwa, da an sa masa tarnaƙi, akwai kyakkyawan zaton zai kai ga tsere. Na sassarfa na iya fin kowa gudu a horo amma ya ƙare bai taɓa kammala mil uku a jere lafiya ba. Wani abin lura: a 2012 masu bincike na jami'ar Uppsala, ƙarƙashin Leif Andersson, sun gano sauyin ƙwayar halitta ta DMRT3 da ke ba doki damar tsananta gudu ba tare da ya koma sukuwa ba. Kusan duk Standardbred na Amurka na ɗauke da shi, masu sassarfa da masu takun raƙumi baki ɗaya, don haka gwajinsa ba zai gaya maka wane taku duƙushi zai fi iyawa ba. Wannan sai a duba iyaye.

Ina kasuwar take

A nan ne mai sassarfa ke rama duk abin da ya rasa. A Amurka da Kanada kusan huɗu cikin kowane tsere biyar na masu takun raƙumi ne, a Ostireliya da New Zealand ma su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Amma a Faransa, Suwidin, Italiya, Norway, Finland da Jamus ba a tseren takun raƙumi kwata-kwata. Wanda ya taɓa duba takardar shirin tseren Faransa a rumfunan cacar tseren doki na PMU a Yamai, Maraɗi ko Garwa, duk tseren keke da ya gani a ciki na sassarfa ne, kuma Vincennes da ke cika takardar a lokacin hunturu ita ce hedikwatarsa.

Saboda haka mai sassarfa na ƙwarai na da masu saye a nahiyoyi uku, kuma yana iya zuwa ya ci kuɗi a inda ba a haife shi ba. Mack Lobell ya ci gasar Elitloppet ta filin Solvalla a Stockholm a 1988 da 1990. Goɗiyar Amurka Moni Maker ta ci Elitloppet a 1998 da Prix d'Amérique a 1999, ta tara sama da dala miliyan biyar da rabi. Varenne na Italiya ya ci gasannin biyu a 2001 da 2002, ya kuma haye teku ya ci Breeders Crown a Meadowlands a 2001. Wannan buƙata ta Turawa ce ke ɗaga farashi a gwanjon duƙusai na Lexington cikin Oktoba da na Harrisburg cikin Nuwamba. Duƙushin da aka saya dala miliyan 1.1 a Lexington a 2019, Maverick, mai sassarfa ne.

Akwai tarko ɗaya. Faransa ce ta fi kowa kuɗin gasa a Turai, amma rajistar nau'inta a rufe take, kuma mafi yawan tserenta na dawakin da ke cikin rajistar ne kaɗai. Dokin Amurka ko na Suwidin gasannin da aka buɗe wa baƙi kawai zai shiga, su ne kuwa mafi wuya. Mai son cin kuɗin Faransa na yau da kullum sai ya sayi ɗan Faransa, ya kuma san cewa duƙushi sai ya ci jarrabawar lokaci kafin a ba shi izinin tsere, kuma da yawa ba sa tsallakewa.

Kasuwar mai takun raƙumi hanya ɗaya ce mai kai da komo tsakanin Arewacin Amurka da kudancin duniya, wato Ostireliya da New Zealand. Cardigan Bay ɗan New Zealand ne ya zama na farko a duk harkar da ya tara dala miliyan guda, a 1968, a hannun Stanley Dancer. Manyan ingarmu irin su Bettor's Delight sun yi ta aikin barbara a kakar arewa da ta kudu. Kasuwa ce mai ƙarfi, amma in doki bai dace da ita ba, babu ta uku.

Abin da mai takun raƙumi ke da shi shi ne yawan aiki. Tun da tserensa ya fi yawa, ba ka rasa ajin da ya dace da dokinka kowane mako, kuma da wuya ya zubar da kuɗi saboda sukuwa. A Arewacin Amurka ana raba kuɗin gasa ga biyar na farko, kashi 50, 25, 12, 8 da 5 cikin ɗari, mai horo da matuƙi kowanne ya ɗauki kashi 5 daga rabon mai doki. Dokin da ke zuwa na uku ko na huɗu a kai a kai yana rage maka kuɗin barga, wanda ya fasa taku kuwa ya dawo hannu rabbana. Foiled Again shi ne misali mafi girma: dandaƙaƙƙe, ya shiga tsere 331, ya ci 109, ya tara sama da dala miliyan 7.6 kafin ya yi ritaya a ƙarshen 2018 yana da shekara 14. Kuma ba lallai sai da tsada ba. Somebeachsomewhere, wanda ya ci 20 cikin tsere 21, dala 40,000 aka saye shi, Bulldog Hanover kuwa 28,000.

To wanne?

Mai ƙaramin jari da ke zaune a Amurka ko Kanada, wanda dokinsa na farko ke nan, ya ɗauki mai takun raƙumi, kuma ya fi masa ya sayi wanda ya riga ya fara tsere a kan duƙushi. Zai ga lokutansa a rubuce, zai ga dokinsa a fili cikin mako biyu, kuma in filin da ke kusa da shi na rabin mil ne, zaɓin ya ƙara ƙarfi. Wanda ke da halin jiran shekara biyu ko uku, ko yake tunanin kiwo da sayarwa, sassarfa ta fi masa, domin goɗiyar sassarfa mai kyakkyawan asali ba ta rasa mai nema ko da tserenta bai yi armashi ba. Mazaunin Turai ba shi da zaɓi tun farko, abin da zai tsayar shi ne ɗan Faransa ko mai jinin Amurka.

Ga mai kallo zalla, ya danganta da abin da ke burge shi. Tseren takun raƙumi na Amurka mil guda ne, wuta daga tashi, ƙasa da minti biyu an gama, kuma gasar Little Brown Jug da ake yi a Delaware tun 1946 ce ta fi nuna ɗanɗanonsa. Sassarfa ta fi faɗi: gasar Hambletonian, wadda aka fara a 1926 aka kuma kai ta Meadowlands a 1981, a farkon Agusta, Prix d'Amérique, tun 1920, a Lahadin ƙarshe ta Janairu, Elitloppet a ƙarshen Mayu, inda doki ke gudu sau biyu a yini guda. Taurarin Turai kuma sun fi daɗewa a fili. Ourasi ya ci Prix d'Amérique sau huɗu tsakanin 1986 da 1990, alhali zakaran Amurka sau da yawa ana mai da shi barbara da ya gama shekara uku ko huɗu. A ganina mai son ya bi doki guda shekara da shekaru, nan ya fi samun abin bi.

Ko wanne ka tsayar, kafin kuɗi ya fita ka karanta layukan tserensa shida na baya. A takardun Amurka harafin x kusa da matsayi na nuna inda ya fasa taku, a na Faransa Da na nufin an kore shi a tseren keke. Biyu cikin shida a mai sassarfa abin tambaya ne, a mai takun raƙumi kuwa alamar ciwo ce ko tarnaƙin da bai zauna ba, kuma dokin da ya cika yin haka alƙalai na mai da shi tseren tantancewa, wanda ba kuɗi a cikinsa. Ka sa likitan dabbobi ya ɗauki hoton gaɓoɓin baya, domin ɓallewar ɗan ƙashi a gwiwar baya ta zama ruwan dare a wannan nau'i. Ka tambaya ko yana kan Lasix, maganin da ake ba masu zubar jini a huhu: an yarda da shi a yawancin filayen Amurka, an haramta shi ranar tsere a Turai, don haka dokin da ya dogara da shi ya rasa masu sayen can. In duƙushi ne, ka nemi jerin gasannin da aka biya masa kuɗin rajista da ranakun biya na gaba, waɗanda galibi ke faɗowa a tsakiyar Fabrairu da Maris. In aka tsallake biya ɗaya, sunansa ya fita daga gasar ko da shi ne mafi gudu a shekararsa.